Gottlieb Haberlandt, malamin da gwajinsa ya ci tura amma maganarsa ta tabbata

An haifi Gottlieb Haberlandt a shekara ta 1854 a ƙasar Hongiri, zamanin daular Otirishi. Mahaifinsa masanin aikin gona ne, wanda ya yi ƙoƙarin yaɗa noman waken soya a Turai. Ɗan ya gaji uban wajen son tsirrai. Ya koyar a jami'ar Graz, kuma a 1910 ya koma ta Berlin.

Kowane manomi ya san in an dasa karan rogo, gindinsa ya fid da saiwa, kansa ya yi toho. Alhali kara ɗaya ne. Haberlandt ya nemi sanin dalili. Jikin tsiro ginanne ne da ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. A ganinsa, kowace ƙwaya tana ɗauke da cikakken ikon gina tsiro ɗungurungum.

A 1902 ya bayyana gwajin da ya yi. Ya ware ƙwayoyin ganye, ya sa su cikin ruwa mai sukari da gishirin abincin tsirrai. Sun rayu ƴan makonni, sun yi girma, amma ko ɗaya ba ta rabu biyu ba. Bai ɓoye wannan kasawa ba, bai kuma janye maganarsa ba. Ya rasu a Berlin a 1945, bai ga tabbacinta ba.

Abin da ya rasa shi ne sinadaran da ke ta da ƙwaya. A 1957, a Amurka, Skoog da Miller suka nuna da tsokar karan taba cewa in oksin ya rinjaya sai saiwa ta fito, in sitokinin ya rinjaya sai toho. A 1958 Steward ya samu tsiron karoti daga ƙwayoyin saiwarsa. Daga baya aka gane cewa gadon da ke cikin ƙwayoyin saiwa da na toho iri ɗaya ne. Sinadaran ne ke buɗe wani sashe, su rufe wani.

Ta wannan hanya ce ake samun irin ayaba da rogo da dankali marar cuta, da dashen dabino dubbai daga uwa ɗaya.