Taƙaitaccen Tarihin Makaɗa Aliyu Ɗandawo

Idan ana lissafin makaɗan fada na ƙasar Hausa, wajibi ne a ambaci marigayi Aliyu Ɗandawo tare da irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi. An haife shi a Shuni ta ƙasar Sakkwato. Ya yi wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama kiɗa a Argungu, wanda ya yi sarauta daga 1920 zuwa 1934. Daga baya ya koma Yawuri, inda ya zauna ƙarƙashin Sarkin Yawuri Abdullahi, wanda ya hau gado a 1923, sa'an nan ya riski zamanin Muhammadu Tukur, wanda ya hau a 1955.

Wannan sauyin wuri ba abin mamaki ba ne, domin makaɗin fada ba ya rayuwa sai da ubangida. Ci da sha da sutura da doki duk daga hannun sarki suke fitowa, shi kuwa makaɗi ya saka da yabo da zuga ga ubangidansa, da zambo da habaici ga abokan hamayya.

Kayan kiɗansa taushi ne, wato ƙaramin abin kiɗa mai baki ɗaya wanda ake kaɗawa da hannu, ba da makaɗi ba. A nan gwaninta take. Wanda ya ƙage dantse ya dinga dukan fata da ƙarfi, nan da nan zai gaji, amon kuma ya mutu. Gwani yakan saki wuyan hannu, ya ɗaga shi ya sauke kamar mai tsula bulala, yatsu su faɗa kan fata su tashi da kansu. Ta haka bugu mai nauyi da marar nauyi suke fitowa daga motsi guda, 'yan amshi su sami inda za su ɗora gindin waƙa, jagora kuma ya jero ɗiyanta ba tare da kiɗa ya danne murya ba. Irin wannan dabara ce wani Ba'amurke, Sanford Moeller, ya gani wurin tsofaffin makaɗan soja, ya rubuta ta a littafi a 1925. Makaɗan Hausa kuwa da ido da kunne suke koyonta, tun suna yara.

Aliyu Ɗandawo ya rasu a 1966, shekara biyu kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta ci tsibiran Gungawa da yawa. Ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ne ya gaje shi, ya daɗa fito da sunan gidan.

Manazarta sun ba kalmomin makaɗan fada haƙƙinsu, amma aikin hannu ba ya rubutuwa da baƙaƙe. Ya kamata ɗaliban Hausa su je wurin waɗanda suka gaji sana'ar tun suna raye. Allah ya jiƙan Ɗandawo, amin.