Emmy Noether, Malamar Da Ta Shekara Goma Sha Biyar Ba Albashi

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Jamus mu ji labarin wata mata mai suna Emmy Noether, wadda masana lissafi har gobe ba su daina ambaton sunanta ba.

An haife ta ran 23 ga watan Maris na 1882 a garin Erlangen. Iyayenta Yahudawa ne, mahaifinta Max Noether kuwa farfesan lissafi ne a jami'ar garin. A 1900 ta ci jarrabawar zama malamar Faransanci da Turanci, amma ta ƙi kama aikin, don hankalinta yana kan lissafi. To, a lokacin ba a rubuta sunan mace cikin ɗaliban jami'ar. Sai dai ta nemi izinin kowane malami ta zauna ta saurara. Sai a 1903 aka buɗe wa mata ƙofa, a 1904 ta shiga sosai, ta sami digirin dokta a 1907 a hannun Paul Gordan. Daga 1908 ta yi shekara bakwai tana aiki a jami'ar ba a biyan ta ko anini, har takan tsaya wa mahaifinta a aji in jikinsa ya ƙi.

A 1915 manyan malamai biyu, David Hilbert da Felix Klein, suka kira ta Jami'ar Gottingen, wadda ita ce cibiyar lissafi a zamanin. Nan ma wasu malamai suka yi tsalle suka dire, wai ba za a sa maza su zauna gaban mace suna ɗaukar karatu ba. Dabarar da aka yi ita ce a rubuta sunan Hilbert a takardar darasi, ita kuma ta shiga ta koyar. Ana cikin haka ta tabbatar da wata ƙa'ida da aka buga a 1918, wadda ta nuna dalilin da ya sa wasu abubuwa, kamar ƙarfin aiki, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa a duniya. Masu ilmin fiziks suna aiki da ita har yau. An ba ta izinin koyarwa da sunanta a 1919, amma ɗan albashi bai fara shigowa ba sai 1923, ga shi kuwa bai taka kara ya karya ba.

Babban aikinta yana cikin aljabra, kuma tushensa abu ne da kowace mai sayayya ta sani. In kin sayi ƙwai kashi 3, kowane kashi guda 4, ko kashi 4 kowane guda 3, duk 12 ne. Sauya wuri bai canza komai ba. Amma ba kullum haka take ba. Wadda ta daka gero sannan ta tankaɗe ta sami gari, wadda ta fara da tankaɗe kuwa aikinta bai yi ba. Ko ki ɗauki littafi ki kifa shi gaba sannan ki juya shi dama, ki sake daga farko ki fara da dama, za ki ga zamansa ya bambanta. A lissafi ma akwai irin wannan ninki da na gaba da na baya ba sa musanya wuri. Tun 1843 wani ɗan ƙasar Ayalan, William Hamilton, ya gano irinsa.

Emmy ta yi aiki a ɓangarorin biyu. A 1921 ta buga takarda kan tsarin da masana ke kira zobe, wato tarin abubuwa da ake iya tarawa da ninkawa, irin wanda sauya wuri ba ya ɓata shi. Kafin ita, malamai sukan cika shafuka da lissafi mai tsawo kafin su kai ga amsa. Ita kanta littafin digirinta ya ƙare da jerin siffofi 331, kuma daga baya ta raina shi. Yanzu sai ta kawo sharaɗi guda: in wasu rukunoni na musamman cikin zoben suna jere, kowanne yana haɗiye na bayansa, to dole jerin ya tsaya wani wuri. Daga wannan sharaɗi kaɗai ta fitar da sakamakon da a da sai an yi gumi. Shi ya sa ake kiran irin waɗannan da sunan zoben Noether. Daga wajen 1927 ta koma kan ɓangaren da sauya wuri ke canza amsa, ta yi aiki tare da Richard Brauer da Helmut Hasse.

Mace ce mai saurin magana da ƙarfin murya, ba ruwanta da kwalliya, kuma ba ta yi aure ba. Ɗalibanta sukan bi ta yawon ƙafa ana tafe ana lissafi. Ba ta rowar ilmi, sau da yawa takan bar wa ɗalibi tunaninta ya buga da sunansa. Wani ɗan Holan, van der Waerden, ya zo wurinta a 1924, kuma littafin aljabrar da ya fitar a 1930 da 1931 ya dogara ƙwarai kan darussanta. A 1932 ta yi babban jawabi a taron masana lissafi na duniya a Zurich. Duk da haka Gottingen ba ta taɓa ba ta cikakkiyar kujerar farfesa ba, abin da ni dai nake ganin abin kunya ne ga jami'ar.

A watan Afrilu na 1933 gwamnatin Hitler ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, har da ita. Ta ci gaba da tara ɗalibai a ɗakinta, kafin ƙarshen shekarar ta tafi Amurka, kwalejin mata ta Bryn Mawr ta ɗauke ta. Daga 1934 takan je Princeton ta ba da lacca. A watan Afrilu na 1935 aka yi mata aikin wani ƙari a mara, bayan kwana huɗu ta rasu, ran 14 ga wata, tana da shekara 53. Albert Einstein ya rubuta wa jaridar New York Times wasiƙar yabonta. Ƙaninta Fritz, shi ma masanin lissafi, ya gudu Tarayyar Sobiyet, can aka kama shi aka harbe shi a 1941.