Salmanu Bafarishe, mai shawarar gwalalo

An haifi Salmanu a ƙasar Farisa, wadda ake kira Iran yanzu, a wani ƙauye kusa da birnin Isfahan. Ubansa mai gari ne, yana da gonaki da dukiya mai yawa. Mutanensu masu bautar wuta ne, Salmanu kuwa shi aka ba tsaron wutar don kada ta mutu.

Wata rana uban ya aike shi gona. A hanya ya iske Kirista suna addu'a, ya tsaya yana saurare har rana ta faɗi. Da uban ya ji, sai ya sa masa mari, ya tsare shi a gida. Salmanu ya kuɓuce, ya bi ayari zuwa ƙasar Sham. Ya yi shekaru yana neman sani wurin malaman Kirista, daga Sham zuwa Mausil, har Ammuriya.

Daga nan ya nufi ƙasar Larabawa. Amma fataken da ya bi suka ci amanarsa, suka sayar da shi. Haka ɗan mai gari ya zama bawa a Madina, yana aikin gonar dabino. A can ya sadu da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya musulunta. Ubangijinsa ya yanka masa fansa mai nauyi: dashen dabino 300 da zinariya ukiya 40. Sahabbai suka yi masa gayya, suka tara dashe, aka gina ramu, aka dasa, aka biya zinariya. Salmanu ya sami ƴancinsa.

A shekara ta 5 bayan hijira, wato 627, labari ya zo cewa Ƙuraishawa da abokansu sun taso ma Madina da mayaƙa wajen 10.000. Mazan Madina kuwa ba su wuce 3.000 ba. Aka zauna shawara. Salmanu ya faɗa masu dabarar mutanen Farisa: in mahaya dawaki suka taso ma gari, sai a gina gwalalo, wato dogon rami mai zurfi da faɗi wanda doki ba ya iya tsallakewa. Larabawa ba su saba da wannan dabara ba, amma aka karɓi shawararsa.

Ba a kewaye garin duka ba. Duwatsu masu kaifi da gonakin dabino da gidaje sun tsare sauran ɓangarori, arewa kaɗai ke buɗe. Can aka ja layi, aka raba aiki, kowane mutum 10 aka ba su kamu 40. Waɗansu na gina, waɗansu na kwashe ƙasa da kwanduna. Ga sanyi, ga yunwa, ga abokan gaba na tafe. Annabi da kansa ya ɗauki ƙasa tare da jama'a. Salmanu mai ƙarfi ne, ya kuma saba da gina, har mutanen Makka da na Madina kowa na cewa nasu ne.

Da rundunar ta iso, sai ta yi cirko-cirko a bakin ramin. Mahaya kaɗan ne suka tsallake ta wani wuri mai ƙunci, Aliyu ɗan Abu Ɗalibi ya kashe jarumin da ke gabansu, sauran suka juya. Maƙiya suka yi kusan wata guda a wurin, abinci da harawa na ƙarewa. Daga baya iska mai ƙarfi ta taso da dare, ta tuge tantunansu, ta kifar da tukwane. Suka watse, Madina ta tsira. Hausawa na kiran wannan yaƙi Yaƙin Gwalalo, don su ma sun san irin wannan rami a bayan ganuwar tsofaffin biranensu.

A zamanin Halifa Umaru aka naɗa Salmanu gwamnan Mada'in, a ƙasar Iraƙi. Sarauta ba ta sake halinsa ba. Albashinsa yakan rabar ma matalauta, ya saƙa kwanduna da kabar dabino, ya sayar, ya ci. Ya rasu a Mada'in yana tsoho. Kabarinsa na nan kudu da Bagadaza, a garin da ake kira Salman Pak saboda shi.