Aldus Manutius, malamin da ya karkatar da haruffa

Ka taɓa karkatar da kalma a WhatsApp don ta fito fili? To, salon nan ya haura shekara 500, kuma daga maɗaba'ar Aldus Manutius ya fito.

Malami ne ɗan Italiya, mai koyar da 'ya'yan sarauta. Sai da ya kai wajen shekara 40 sannan ya koma birnin Venis ya kama sana'ar ɗab'i. A 1501 ya buga waƙoƙin Virgil a ɗan littafin da za ka riƙe da hannu ɗaya, da haruffa masu karkata kamar rubutun hannu. Francesco Griffo ne ya sassaƙa su a ƙarfe, amma shi kam ba kasafai ake tunawa da shi ba. Lura fa, duk littafin aka buga da su, ba kalma ɗaya-ɗaya irin taka ba. Manyan baƙaƙe kuwa a miƙe ya bar su.

Da kasuwa ta buɗe, sai masu ɗab'i a Liyon ta Faransa suka shiga kwafa. A 1503 ya fitar da gargaɗi, ya lissafa kurakuransu dalla-dalla. Su kuwa gogan naka suka bi jerin suka gyara, suka ci gaba da sayarwa.

Ya rasu a 1515.