Marigayi Dokta Barau Dikko, Likitan Farko na Arewa

Duk wanda ya shiga Kaduna ya ji ana ambaton Asibitin Barau Dikko, amma ba kowa ya san mai sunan ba. Shi ne Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita.

An haife shi cikin 1912, ya tashi a hannun Dokta Walter Miller na Mishan ɗin Zariya. Daga nan ya wuce King's College ta Ikko, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya koyi aikin likita. Cikin 1940 ya kama aikin gwamnati.

A wancan zamani cututtukan annoba sun addabi ƙasar nan. Sanƙarau yakan zo da rani ya kwashi jama'a, ciwon barci ya tashi ƙauyuka a Lardin Zazzau, ga kuturta, ga agana wadda dattawan karkara, daga Gafasa ta ƙasar Gaya har bakin iyaka, ba su manta da zanenta ba.

Dokta Dikko yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa cikin 1948, shi ne kuma shugabanta na farko. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, watau NPC, cikin 1951, sai doka ta hana ma'aikatan gwamnati zama cikinta. Ga mulki yana tafe, ga kuma ƙasa mai ƙarancin likitoci. Sai ya bar kujerar, ya riƙe aikinsa.

Ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama babban likita a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Aikin wannan sashe shi ne bin sawun cuta, a san inda take ɓulla da yadda take yaɗuwa, a tare ta tun ba ta ci gari ba.

Cikin 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki, daga baya na Sufuri. Ya rasu cikin 1977. Ya ga bayan agana a Nijeriya cikin 1970, amma bai kai 1980 ba, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar ƙarewarta a duniya baki ɗaya.