Likita Hansen, Mutumin Da Ya Fara Ganin Ƙwayar Kuturta

Dukanmu mun san karin maganar nan mai cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Waɗanda suka yi ta sun lura da abu guda na gaskiya, watau ciwon nan ya kan daɗe a ɓoye cikin jiki kafin ya fito. Amma akwai kuskure a cikinta kuma, gama tana nuna kuturta gado ce, uba ya bar wa ɗansa kamar yadda ya kan bar masa gona. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Manyan likitocin Turai ma haka suka riƙa koyarwa, har ran da wani matashin likita ya duba cikin madubinsa ya ga wani abu dabam. Labarinsa za mu ba ku a wannan wata.

Sunansa Gerhard Armauer Hansen. An haife shi ran 29 ga Yuli, 1841, a Bergen, wani garin bakin teku cikin ƙasar Norwe, can arewacin Turai inda sanyi ya ke da ƙarfi. Su 15 ne wurin ubansu, shi ne na 8. Uban ɗan kasuwa ne, amma ya karye, sai ya zama yaron yana koyarwa domin ya sami abin biyan makaranta. Ya gama karatun likita a 1866 a babban birnin ƙasar, wanda a ke kira Oslo yanzu. Ya ɗan yi aiki wurin masunta a tsibiran Lofoten, kana ya komo gida a 1868.

Watakila masu karatu su yi mamaki su ji maganar kuturta a ƙasar Turawa. A zamanin nan ta kusa ƙarewa a yawancin Turai, amma a yammacin Norwe ta kama talakawa ƙwarai, masunta da manoma waɗanda su ke kwana a cushe cikin ƙananan ɗakuna saboda sanyi. A 1856 hukuma ta fara rubuta sunan kowane mai ciwon cikin littafi, da garinsu da danginsa. Aka iske sun kusa 3,000, ga ƙasar kuwa ba ta da mutane da yawa. A Bergen kaɗai akwai asibitin kutare guda uku.

Babban likitan wannan aiki shi ne Daniel Danielssen. Dattijo ne masani, tun 1847 shi da abokin aikinsa Boeck suka buga littafin da ya bayyana kamannin ciwon dalla-dalla. Shi dai ya tabbata kuturta gado ce. Ba kuwa da baki kaɗai ya tsaya ba. Ya ɗebi ruwan jikin marasa lafiya ya sa a nasa jiki, ba sau ɗaya ba, bai kamu ba. In mutum ya yi haka da jikinsa ya tsira, da wuya a ciwo kansa ya sake ra'ayi. Ƙarƙashin wannan mutum Hansen ya fara aiki.

Tun da fari hankalin Hansen bai kwanta da maganar gado ba. A 1870 ya tafi Bon da Viyana ya koyi aiki da madubin likita, wannan mai girmama ƙanƙanen abu har ido ya gan shi. Da ya komo sai ya shiga ƙauyuka, gida gida, yana tambaya, yana gwada abin da ya ji da abin da ke cikin littafin hukuma. Ya iske mutane masu ciwon waɗanda babu shi ko kaɗan cikin kakanninsu, amma sun zauna gida ɗaya da mai ciwon. Ya lura kuma, gundumar da aka fi kwashe marasa lafiya zuwa asibiti, can ne sababbin kamu su ke raguwa da sauri. In gado ne, me ya sa raba wurin kwana zai rage shi?

Saura ya ga abin da ke wucewa daga mutum zuwa mutum. Ya kan kankare ɗan kullutun da ke fitowa a fuskar mai ciwon, ya sa a kan gilashi, ya yi ta dubawa. Ran 28 ga Fabrairu, 1873, ya ga waɗansu 'yan abubuwa kamar guntayen tsinke, tari tari, kamar an ɗaure dami. Ƙanana ne ƙwarai, sai an jera su dubbai kafin su kai tsawon inci ɗaya. Ya duba waɗansu marasa lafiya, ya sake ganinsu. A 1874 ya buga rahotonsa, a hankali, ba da fahariya ba, ya nuna yana zaton waɗannan su ne tushen ciwon.

Mu tuna fa, a lokacin nan duniya ba ta riga ta yarda ƙwayoyin da ido ba ya gani suna sa mutum ciwo ba. Sai bayan shekara tara, a 1882, Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka. Ba a taɓa nuna ƙwayar wani ciwo mai daɗewa a jikin mutum ba kafin wannan ta Hansen. Likitoci da yawa ba su ɗauki maganarsa da nauyi ba, Danielssen ma bai yarda ba. Ga shi kuwa cikin shekarar nan ta 1873 Hansen ya auri 'yar Danielssen, watau wanda ya ke gardama da shi surukinsa ne. Auren bai daɗe ba, tarin fuka ya kashe amaryar kafin shekarar ta ƙare. Duk da haka mutanen nan biyu suka ci gaba da aiki tare. A 1875 aka naɗa Hansen shugaban aikin kuturta na ƙasar duka.

Nan wahalarsa ta fara. Ganin ƙwaya a jikin mai ciwo bai isa shaida ba. Mai gardama zai ce ciwon ne ya jawo ƙwayar, kamar yadda gyambo ke jawo ƙuda. Domin a rufe bakin kowa, sai a raya ƙwayar ita kaɗai cikin kwalba, a sa wa dabba mai lafiya, dabbar ta kamu. Hansen ya gwada raya ta, ta ƙi. Ya sa wa zomaye, ba abin da ya same su. Ana cikin haka, a 1879, wani saurayin likita daga Jamus mai suna Albert Neisser ya zo Bergen baƙunci. Hansen ya nuna masa kome, ya ba shi abin da zai tafi da shi ya duba. Neisser ya iya rina ƙwayoyi da sababbin launuka har su fito sarai. Ya koma gida ya rina, ya buga labari, ya kusa maida aikin nasa. Wannan ya ƙona ran Hansen ƙwarai.

Abin da ya yi bayan wannan ba za mu ɓoye shi ba. Ran 3 ga Nuwamba, 1879, ya kira wata mace mai shekara 33 wadda ta daɗe kwance a ɗaya daga asibitocin. Tana da irin kuturtar nan mai kashe jijiya, ba mai kullutu ba. Ya ɗauki 'yar wuƙar aikin ido wadda ya riga ya soka cikin kullutun wani mara lafiya, ya soka mata a ido, domin ya ga ko kullutu zai tsiro a wurin. Bai gaya mata abin da zai yi ba, bai nemi yardarta ba. Matar ta tsorata, ta yi kuka, ta sha zafi kwana da kwanaki. Ta kai kuka wurin faston asibitin, magana ta kai gaban shari'a. A gaban alƙali Hansen bai yi musu ba. Ya yarda bai tambaye ta ba domin ya san ba za ta yarda ba.

Manyan likitoci suka tsaya masa, suna cewa domin amfanin jama'a ya yi. Amma ran 31 ga Mayu, 1880, kotu ta same shi da laifi, aka fitar da shi daga aikinsa na asibitin. A ganinmu kotun ta yi daidai. Matar nan talaka ce, ba ta da wurin zuwa, jikinta kuma nata ne ko da ciwo ya ci shi. Danielssen jikinsa ya fara sa wa, Hansen kuwa idon wata ya zaɓa. Kullutun ma bai tsiro ba, watau bai sami shaidar da ya ke nema ba.

Hukuma ta bar masa shugabancin aikin ƙasa, ya riƙe shi har mutuwarsa. Da ƙoƙarinsa aka yi doka a 1877 wadda ta hana a riƙa zagawa da matalautan kutare gida gida domin ciyarwa, kamar yadda aka saba. A 1885 aka ƙara wata mai tsanani: mai ciwon ya sami ɗakinsa dabam a gida, in ba haka ba a kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Masu ciwon suka ragu daga wajen 1,800 a 1875 zuwa 575 a 1901. Sai dai ba doka kaɗai ta yi wannan ba. Ciwon ya riga ya fara raguwa, abinci da gidaje kuma suna ta gyaruwa. Dokar ta raba iyalai da yawa, waɗansu ƙasashe kuma da suka kwaikwaye ta suka tsananta fiye da Norwe.

A 1888 ya ƙetare teku zuwa Amurka, inda mutanen Norwe da yawa suka yi ƙaura, har da waɗansu masu ciwon. Ya bi 'ya'yansu da jikokinsu yana dubawa. Suna zaune cikin gidaje masu faɗi, kowa da shimfiɗarsa. Bai sami ciwon a cikinsu ba. Wannan ya fi wuƙar ido ba da shaida, bai kuwa cuci kowa ba. A babban taron likitocin kuturta na Balin a 1897 aka amince da koyarwarsa, a 1909 kuma taron ya zo Bergen, shi ne ya shugabance shi. Ya rasu ran 12 ga Fabrairu, 1912, a garin Florø, yana kan rangadin aiki.

Bai ga magani da idonsa ba. Sa'anda mishan suka riƙa kula da sansanin kutare a ƙasarmu cikin shekarun 1930, irin su Garkida, Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa, allurar man wani itace na Indiya a ke yi, mai zafi, amfaninta kuwa kaɗan. A 1941 aka fara gwada maganin da ke kashe ƙwayar a Amurka. Kafin 1950 Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, cikin kudancin Nijeriya, za a iya haɗiye ƙwayar dafson mai araha a warke. Tun 1981 magunguna a ke haɗawa, a sha wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da su ko'ina a duniya. Wanda ya fara sha ba ya ƙara sa wa kowa.

Yanzu mun san abin da ya ruɗe su duka. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu ya kan kashe ƙwayar da kansa, shi ya sa Danielssen bai kamu ba. Tana fita ta hanci da baki, sai an daɗe ana zama tare da wanda bai sha magani ba kafin ta kama mutum. Tana da nawa ƙwarai: ta kan yi kusan mako biyu kafin ɗaya ta zama biyu, ciwon kuma ya kan yi shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ya nuna. Yatsu ba ita ke cinye su ba. Jijiya ta ke kashewa, mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, gyambo ya shiga. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wurin ba ya jin taɓawa, in ya je asibiti da wuri zai warke da yatsunsa goma.

Dabbar da Hansen ya nema an same ta daga baya. A 1960 ƙwayar ta yarda ta yaɗu a tafin ƙafar ɓera, a 1971 kuma a jikin wata dabbar Amurka mai sulke kamar dankunya. A ƙasashe da yawa an daina kiran ciwon da tsohon sunansa, sai cutar Hansen. Raya ƙwayar cikin kwalba kuwa, har yau ba wanda ya iya.