Eiji Sawamura: hannun da ya gagari Babe Ruth, yaƙi ya cinye shi

Ranar 20 ga Nuwamba 1934, a filin wasa na Kusanagi da ke Shizuoka a ƙasar Japan, wani yaro ɗan shekara 17 ya tsaya gaban manyan ƴan wasan besbol na Amurka. Sunansa Eiji Sawamura. Tawagar Amurkawan ta zo rangadi ne bisa gayyatar jaridar Yomiuri, kuma duk inda ta sauka sai ta lallasa masu masaukinta.

Ga wanda bai saba da wasan ba, besbol karo ne tsakanin mutum biyu kafin ya zama na ƙungiya. Mai jifa yana tsayawa a tazarar kusan mita 18 ya wurga ƙwallo, mai bugu kuma yana jira da kulki. In mai bugu ya kuskure sau uku, ya fita. In ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, ya ci maki kai tsaye. Saboda haka rabin wasan yana rataye ne a kafaɗar mai jifa.

A wannan rana Sawamura ya fitar da mutum 9 ta hanyar kuskure uku, ciki har da huɗu a jere: Charlie Gehringer, Babe Ruth, Lou Gehrig da Jimmie Foxx. Dukkansu huɗun suna cikin zauren gwarazan besbol na Amurka a yau. Sai a zagaye na bakwai Gehrig ya samu ƙwallo ɗaya ya tsallakar da ita, wasa ya tashi 1 da 0. Japan ta sha kashi, amma washegari sunan yaron ne a bakin kowa. Gaskiya dai, a sauran wasannin da ya yi jifa a rangadin Amurkawa sun yi masa kaca-kaca, sai dai wannan rana ɗaya ta isa ta nuna wa Japanawa cewa abin ba gagara badau ba ne. Connie Mack, jagoran tawagar Amurka, ya nemi ya tafi da shi, yaron ya ƙi.

An haife shi ranar 1 ga Fabrairu 1917 a Ujiyamada, garin da ake kira Ise yanzu. Yana ɗalibi a makarantar kasuwanci ta Kyoto lokacin da aka neme shi. A wancan zamani ma'aikatar ilimi ta hana ɗalibai karawa da ƙwararru masu cin abinci da wasa, don haka sai da ya bar makaranta kafin ya shiga tawagar. Ya ajiye karatu ya dogara ga hannunsa na dama, kuma daga wannan tawaga ce aka kafa ƙungiyar da ta zama Yomiuri Giants ta birnin Tokiyo.

Da aka buɗe gasar ƙwararru a Japan a 1936, shi ne tauraronta na farko. Ranar 25 ga Satumba na shekarar ya yi jifa daga farkon wasa har ƙarshe ba tare da abokan hamayya sun samu bugu mai kyau ko ɗaya ba, karo na farko da aka ga haka a gasar. Ya maimaita a 1937. A zangon bazara na wannan shekara ya ci wasa 24 ya faɗi 4, aka ba shi kyautar gwarzon gasa. Shekararsa 20.

Sai takardar soja ta zo. Japan ta riga ta afka wa ƙasar Sin, kuma a 1938 aka ɗauke shi aka tura fagen daga. A rundunar kowa ya san waye shi, aka riƙa sa shi jifan gurneti. Ƙwallon besbol ba ta wuce giram 150 ba, gurnetin sojan Japan kuwa ya ninka ta kusan sau uku. Kafaɗar da aka horar don abu mara nauyi ba ta jure ba. Ya kuma samu raunin harsashi a hannun hagu, ga zazzaɓin cizon sauro. Da ya dawo a 1940 ba ya iya ɗaga hannu sama ya yi jifa kamar da, dole ya koma jifa ta gefe, saurin ƙwallonsa ya tafi. Duk da haka, a watan Yulin shekarar ya sake hana abokan hamayya bugu ko ɗaya, karo na uku. Mai yiwuwa wannan ce bajintarsa mafi girma, domin da dabara ya yi ta, ƙarfin ya riga ya ƙare.

A 1941 aka sake kiransa, wannan karon zuwa tsibiran Filifin. Ya dawo a 1943 hannu ya gama lalacewa, ko saiti ba ya iya yi, bai ci wasa ko ɗaya ba a kakar. Kafin kakar 1944 ƙungiyar Giants ta sallame shi. Ba a ga laifin ƙungiya don ta ajiye wanda ba ya iya wasa, amma mutumin nan ya bar makaranta ne saboda ita, sunansa ne ya cika mata filaye a shekarun farko, kuma ba sakaci ne ya kashe masa hannu ba. Lissafinsa na ƙarshe a gasar: ya ci 63, ya faɗi 22.

A ƙarshen 1944 aka kira shi karo na uku, yana da mata da jaririya. Wannan yaƙi ne dai da dubban sojojin Afirka ta Yamma, da yawansu masu jin Hausa, suke gwabzawa da Japan a dazukan Bama ƙarƙashin tutar Ingila. Sawamura bai kai fagen daga ba. Ranar 2 ga Disamba 1944 wani jirgin ƙarƙashin teku na Amurka ya nutsar da jirgin ruwan da ke ɗauke da su kusa da tsibirin Yakushima. Ya rasu yana da shekara 27.

Girmamawa ta zo bayan babu shi. A 1947 Giants ta jingine lambar rigarsa, 14, ba wanda zai sake sa ta. A shekarar ne kuma aka ƙirƙiro kyautar Sawamura ga mai jifa mafi ƙwazo a Japan, shekara tara kafin Amurka ta fara tata kyautar ta Cy Young. Sharuɗɗanta masu tsauri ne, musamman wajen yawan wasannin da mutum ya kammala shi kaɗai, har akwai shekarun da alƙalai suka hana kowa, kamar 2019. Yu Darvish da Masahiro Tanaka sun ɗauke ta kafin su tafi Amurka, Yoshinobu Yamamoto kuma ya ɗauke ta sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023. A 1959 aka sa Sawamura cikin rukunin farko na zauren gwarazan besbol na Japan.

A gaban filin Kusanagi akwai mutum-mutumi biyu suna fuskantar juna, Ruth riƙe da kulki, Sawamura yana shirin jifa.